Ɗinkin auno ko kayan kanti: shawarar da masu sana'ar Maradi suka daɗe suna ɗagawa

A goman ƙarshe na azumin da ya wuce na kwana uku ina zuwa shagon kawuna da ke unguwar Zariya, nan Maradi, inda na koyi riƙe almakashi tun ina ɗan makaranta a lokutan hutu. Kekuna biyar ne a shagon da yara bakwai, ga shadda da yadi da atamfa an jera su a kanta har kusa da rufi, kowane ƙunshi an soke masa guntuwar takarda mai ɗauke da sunan mai shi. A dare na biyu, wajen ƙarfe ɗaya, wani magidanci ya zo karɓar kaftani uku na ƴaƴansa, ya tarar ko yankawa ba a yi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malam, tun kafin a ga watan azumi fa na kawo yadin nan." Kawu bai iya ɗago kai daga keke ba saboda kunya, ya ce, "Alhaji, ka yi mini haƙuri, in Allah ya yarda jibi bayan la'asar." Da mutumin ya tafi sai na jawo littafin awo na ƙirga ayyukan da aka karɓa, na ga sun zarce abin da shagon zai iya fitarwa kafin salla nesa ba kusa ba, ko da wuta ba ta ɗauke ko sau ɗaya ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a cikin wannan tarin aiki da wuya ka sami ɗinki biyu masu kama da juna. Wannan yana son wuyan riga mai tsaye, wancan ya turo hoto ta WhatsApp yana son a kwaikwaya masa, wata Hajiya kuma sau uku tana sake shawara a kan hannun rigarta bayan an riga an yanka.

Mutanen gari sun saba cewa tela ba ya cika alkawari, kuma haka suke faɗa game da kafinta da mai walda. Ni da na girma a cikin shagon nan na san kawuna mutum ne mai tsoron Allah, wanda ƙarya ba ta cikin halinsa. Abin da ke jefa shi cikin saɓa alkawari kowace shekara wata shawara ce da bai taɓa zama ya yanke ba, wato ya tantance abin da ya kamata ya yi wa kowane mai kaya daidai da son ransa, da abin da ya kamata ya riƙa yi iri ɗaya ga kowa. Wannan shawara ita ce manyan kamfanonin duniya suke kashe maƙudan kuɗi suna nazari a kanta, kuma ita ce ke gaban duk mai shagon ɗinki ko na gadaje ko na ƙofofin ƙarfe a garin nan, ko ya sani ko bai sani ba.

Dalilin da ya sa na ɗauki maganar a matsayin ta jama'a, ba ta gidanmu kaɗai ba, yana cikin tarihin garin. Tun bayan ambaliyar Gulbi ta 1945, wadda ta sa aka tayar da gari zuwa kan tudu, Maradi ta girma ne da ciniki: gyaɗa da farko, sannan bayan farin shekarun 1970 ya karya gyaɗar, alhazai suka koma fataucin kaya tsakaninmu da Najeriya ta Ɗan Isa da Jibiya. Gari ne da ya ƙware wajen shigo da abin da aka ƙera a wani wuri. Yau duk wanda ya zagaya Babbar Kasuwa ranar Litinin ko Juma'a zai ga jallabiyoyi da rigunan yara da takalma daga Sin, ga dilolin bosho, ga kujerun roba, kuma farashinsu sau da yawa bai kai kuɗin yadin da tela zai saya ba, balle ladan aikinsa. Abin da ya rage wa hannun ɗan gari shi ne aikin da ba a iya lodo shi a kwantena, wanda sai an auna jikin mutum ko faɗin ɗakinsa ko ramin ƙofarsa kafin a yi shi. A kan wannan aiki ne ɗimbin samarin da ba su yi nisa a makaranta ba suke koyon sana'a, suke aure, suke ciyar da iyaye. Idan ya kuɓuce mana, ban ga abin da zai maye gurbinsa nan kusa ba.

Akwai masu ba da shawara cewa mafita ita ce masu sana'a su daina wahalar auno gaba ɗaya, su koma ɗinka kaya iri ɗaya da yawa suna kai wa kasuwa kamar yadda masana'antu ke yi. Hujjarsu tana da tushe. Lokacin da Henry Ford ya fito da motarsa Model T a Amurka a 1908, ana sayar da ita dala 850. Da ya tsara aiki a 1913 yadda mota ke tafiya a kan layi kowane ma'aikaci yana ɗaura abu guda, lokacin haɗa mota ɗaya ya sauko daga sama da awa goma sha biyu zuwa kimanin awa ɗaya da rabi, kuma zuwa 1925 farashin ya faɗo har dala 260. Shekaru da dama baƙin fenti kaɗai yake shafawa, kuma kafin a daina ƙera motar a 1927 an sayar da miliyan 15. Babu mai musun cewa yin abu iri ɗaya da yawa yana karya farashi. Amma wanda zai bi wannan hanya yana bukatar jari mai nauyi, da wutar lantarki da ba ta yankewa, da ɗanyen kaya mai araha a kusa, da kasuwar da za ta shanye abin da ya fitar. Telan Maradi yadinsa daga Kantin Kwari na Kano yake zuwa ko daga tashar ruwa mai nisa, zare da maɓalli ma haka, kuma duk lokacin da naira ta faɗi a gaban sefa, kayan da aka ɗinka a Kano ko Aba suna shigowa da rahusar da ba zai iya tarar ta ba. Shiga gasar araha da masana'antar da ke yanka riga dubu a lokaci guda, a ganina, shiga kokawa ce da wanda ya fi ka ƙarfi a filin da shi ya zaɓa. Kuma ko Ford ɗin ma, taurin kansa a kan mota ɗaya mai launi ɗaya shi ya ba General Motors damar shan gabansa, domin su sun fito da motoci daban-daban gwargwadon aljihun kowa da sha'awarsa.

To amma ɗaya gefen, wato a ce wa kowa "duk yadda kake so haka za a yi", shi ma yana da tsadar da yawancin masu sana'armu ba su taɓa lissafa ta ba, don ba kuɗi ne ake ƙirgawa a hannu ba. Yaron shago zai iya shimfiɗa yadi ninki shida ya yanka wanduna shida da jan almakashi ɗaya idan awonsu ɗaya ne, amma idan kowanne da nasa awon, sai ya shimfiɗa sau shida, ya zana da alli sau shida, kuma ƙyallen da ke zubewa ƙasa ya ƙaru. Kowane sabon launi yana nufin a tsayar da keke a sake zare sama da ƙasa. Rabin awar da maigida ya ɓata yana duba hotuna a waya tare da mai kaya, ba a taɓa sa ta cikin kuɗin ɗinki. Mafi muni shi ne aikin da aka ƙi karɓa. Rigar kanti idan wannan bai saya ba wancan zai saya, amma ƙofar ƙarfen da aka yi wa ramin da magini ya bari ba bisa wani ma'auni ba, idan mai gida ya fasa, sai ta yi shekara a jingine a bangon shago tana tsatsa, domin babu wani gida a Maradi da za ta shiga. Na ga irin waɗannan ƙofofi da idona a layin masu walda, kuma kowace ɗaya jarin mutum ne ya kwanta.

Manyan kamfanoni ma sun ƙone hannunsu a nan. A 1994 kamfanin Levi's mai wandunan jins ya fara wani shiri na auna mata a cikin kanti, a shigar da awon a kwamfuta, a tura masana'anta ta ɗinka wa kowace nata. An yi ta yabon shirin a jaridu, amma a 2003 aka dakatar da shi, a daidai lokacin da kamfanin ke rufe masana'antunsa na ƙarshe a Amurka yana mayar da ɗinki ƙasashe masu nisa. Aikin auno yana son mai ɗinki ya kasance kusa da mai kaya, kuma wannan kusanci shi ne abu guda da telan Bagalam ko na Sabon Gari yake da shi wanda masana'antar Sin ba ta da shi.

Ra'ayina shi ne masu sana'armu su riƙe aikin auno da kyau, amma su raba kowane aiki gida biyu: ɓangaren da mai kaya ke gani yake alfahari da shi, da ɓangaren da bai dame shi ba muddin ya yi daidai. Na farkon a bar masa zaɓi, na biyun a mayar da shi ƴan ma'aunai ƙalilan a riƙa yin sa da yawa tun kafin cunkoso. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, mun daɗe muna yin ta ba tare da mun sa mata suna ba. Mai hula ba ya auna kan kowa da metir kafin ya fara aiki. Ya san kawunan mutane ba su wuce ƴan lambobi ba, 21 da 22 da 23 da ɗan abin da ke tsakaninsu, don haka yake zuba basirarsa a kan zane da launin zare, kuma babu wanda ya taɓa jin an raina shi don an ce masa lambar kansa 22. Shadda ma haka take. Getzner ta garin Bludenz a Ostiriya tana saƙa farar shadda mai yawa, a kawo ta Afirka ta Yamma, sannan marina a Bamako da sauran wurare su rina ta launin da ake yayi a lokacin, a buga ta ta yi ƙyalli. Saƙar iri ɗaya ce, bambancin sai a matakin ƙarshe yake shigowa, kusa da mai saye. Kamfanin Benetton na Italiya da wannan hikima ya yi suna: maimakon ya rina zare sannan ya saƙa rigunan sanyi, sai ya riƙa saƙa su da zaren da ba a rina ba, ya jira ya ga launin da kasuwa ke nema, sannan ya rina su wannan launin. Mai sayar da fenti da ke ajiye fari da ƴan kwalaben launi ya haɗa maka wanda kake so a gabanka, shi ma abin da yake yi ke nan.

Idan aka kawo wannan cikin shagon kawuna, abu na farko da ido zai faɗa a kai shi ne wando. A cikin mutum goma da suka kawo ɗinkin kaftani, da wuya ka sami ɗaya da ya damu da wandonsa fiye da a ce tsawon ya yi daidai kuma bai matse shi ba, tunda riga ce ke rufe shi. Aljihu, da shafi, da mazagi, da tsarin kafaɗa na kaftanin yara, duk ana iya yi musu ma'auni huɗu ko biyar a yanka kwalinsu a rataye a bango, yadda ko ƙaramin yaron shago zai ɗora ya yanka ba sai ya jira maigida ba. Ga waɗanda ke sayen yadi a shagon, farin yadi da ruwan toka da sararin samaniya da ba sa fita yayi ana iya ɗinka wandunansu da gangar rigunansu tun watan Rajab da Sha'aban, lokacin da kekuna ke zaune yara suna hira, a bar wuya da aikin gaba da bakin hannu sai mai kaya ya zo ya zaɓa. Kafinta mai gadajen amare ya fi kowa samun sauƙi a nan, domin katifa da ma'auninta take zuwa daga masana'anta, saboda haka ƙashin gado da ƙafafunsa da katakon shimfiɗa ba su da dalilin bambanta. Abin da uwar amarya ke tsayawa a kai shi ne fuskar gadon da madubi da launin da zai dace da labule. Masu walda su ne aikinsu ya fi wuya, don gyaran ba a hannunsu kaɗai yake ba. Sai sun zauna da magina an yarda cewa ramin ƙofar ɗaki zai riƙa zama santimita 80 ko 90 a faɗi da mita 2.10 a tsayi, kamar yadda ake yi a gine-ginen da injiniya ya zana, sannan mai walda zai iya haɗa firam goma a ajiye, ya bar adon fuska ga zaɓin mai gida.

Da na faɗa wa kawu wannan bayan salla, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, mutanenmu ba riga kaɗai suke zuwa nema ba. Mutum yana son a tashi tsaye a sa masa metir a kafaɗa, a tambaye shi iyali, a san shi. Ran da na ce masa ga lamba uku ɗauki, ya zama ba ni da bambanci da mai kanti." Na daɗe ina juya wannan magana, kuma na yarda akwai gaskiya a cikinta da masu karatun kasuwanci kan manta. Auno girmamawa ce, kuma wani kaso na kuɗin da ake biyan tela kuɗin wannan girmamawar ne. Sai dai abin da nake nema bai hana a auna mutum ba. A auna shi, a rubuta, a yi masa hira, amma maigida ya san a ransa cewa awon nan ya faɗa cikin ma'auni na uku, gyaran da ya rage na tsawon hannu ne kawai. Kuma babu girmamawar da ta kai mutum ya zo ranar da aka ce masa ya tarar da kayansa a goge a ninke. Magidancin nan da ya tsaya a bakin ƙofa ƙarfe ɗaya na dare an auna ƴaƴansa ɗaya bayan ɗaya, amma ban ga alamar ya tafi yana jin an mutunta shi ba.

Sai maganar kuɗi, wadda kunya ta hana mu taɓawa. A yawancin shagunanmu kuɗin ɗinki kusan ɗaya ne, ko mutum ya zaɓi samfurin da yara suka ɗinka sau ɗari, ko ya kawo hoton da ba a taɓa gani ba wanda sai maigida da kansa ya kwana biyu a kansa, ko ya kawo yadi wata biyu kafin salla, ko ya kawo ana saura kwana biyar. Ma'anar wannan ita ce mai sauƙin aiki da mai zuwa da wuri su ne ke biya wa mai wahalarwa da mai makara, kuma wannan ba adalci ba ne. Ya kamata a rubuta a allo a bakin shago cewa samfurin gida kuɗinsa kaza, sabon samfuri kaza, aikin gaggawa kaza, kuma duk canjin da aka nema bayan an sa almakashi yana da nasa kuɗin. Hausawa da kansu suka ce araha ba ta ado, kuma wanda ya sayi shadda ta jaka hamsin ba zai gudu don an ƙara masa jaka biyu a kan aikin da shi kaɗai zai sa irinsa a masallacin Idi ba. Haka kuma kafin alƙalami ya zama doka, musamman ga kafinta da mai walda da ke sayen katako da ƙarfe da kuɗinsu. Michael Dell, wanda ya fara haɗa kwamfutoci a ɗakinsa na jami'a a Texas a 1984, ya gina kamfaninsa ne a kan haka: mai saye ya zaɓi abin da yake so daga sassan da aka riga aka tanada, ya biya, sannan a haɗa masa, don haka kuɗin mai saye ke juya aikin, ba bashi ba. Amma labarin Dell yana da kashi na biyu da ya kamata mu riƙe. Da kwamfutocin kanti suka yi kyau suka yi araha har yawancin mutane suka daina damuwa da zaɓen sassa, kamfanin ya rasa matsayinsa na farko a duniya, kuma a 2007 dole ta sa ya fara kai kayansa manyan kantuna irin su Walmart. Jallabiyar kanti ma kullum ƙara kyau take yi, kuma samari da yawa sun riga sun gamsu da ita a ranakun da ba na biki ba.

Abu mafi wuya ga mai sana'a a garin nan shi ne ya ce a'a. Wanda ya kawo aiki maƙwabci ne, ko suruki, ko wanda kuke sahu ɗaya a masallaci. Amma shagon da ya san yana fitar da ɗinki kaza a mako, lissafi ne mai sauƙi ya san ranar da littafinsa zai cika, kuma rufe littafin a wannan rana ya fi alheri ga kowa a kan karɓar yadin da za a mayar wa mai shi ranar jajibiri ba a taɓa ba.

Akwai kuma shawarar sayen inji, wadda na ga ta ɗaga wasu ta kuma durƙusar da wasu. Tun da aikin kwamfuta ya shigo, kowane tela mai ɗan hali burinsa ya mallaki injin zane nasa, ko da bashi ne. Injin yana da amfani ƙwarai, don yana fitar da zane daban-daban cikin mintoci ba tare da ƙarin wahala ba, wanda shi ne ainihin abin da aikin zaɓi ke bukata. Amma kuɗinsa ba ya fita sai yana aiki yini da dare, kuma shago ɗaya ba shi da aikin da zai ciyar da shi duk shekara. Mun kuma ga abin da ya faru a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe iyaka wata da watanni, kamar yadda aka taɓa rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Mai injin da allurarsa da makanikinsa suke Kano ya ji jiki fiye da mai keken ƙafa. Abin da na fi ganin hikimarsa shi ne mutum ɗaya ko ƙungiya su riƙe injin da janareto ko faranti mai amfani da hasken rana, shaguna goma ko ashirin su riƙa kai musu aiki, kowa ya tsaya a kan abin da ya ƙware. Su kuma masu aikin hannu, waɗanda ke iya zauna wa aska takwas a kan babbar riga na tsawon makonni, kada su yi ƙoƙarin sauko da farashinsu don su yi gasa da inji, domin masu neman aikinsu daban ne, kuma suna nemansa ne saboda inji bai yi shi ba.

Littafin awo, wannan tsohon kaye mai maiƙo da ke rataye a ƙusa, shi ne dukiya mafi daraja a shagon, fiye da kekunan. A cikinsa ne aka san wanda kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka, da wanda ba ya son aljihun gefe. A shaguna da yawa rabin wannan sani yana cikin kan babban yaron shago ne, kuma ran da aka yaye shi ya buɗe nasa, da shi yake tafiya. Rubuta shi a tsare, kowane mai kaya da shafinsa da lambar wayarsa, shi ne zai sa ɗan Maradin da ke zaune a Yamai ko Agadas ko Abijan ya turo kuɗi a ɗinka masa ba tare da ya zo ba. Sai dai amana ce, musamman awon matan aure da hotunansu da ke yawo a wayoyin yaran shago, kuma maigida ne ke da alhakin tsare ta.

Masu sayen irin wannan aiki su ma suna da tasu shawarar, kuma kuskurensu yakan fi tsada. Wani abokina da ke aikin lissafi a wata makarantar kuɗi a garin nan ya ba ni labarin yadda suka sa wani matashi ya rubuta musu manhaja ta musamman don kuɗin makaranta da sakamakon jarrabawa. Ta yi musu aiki yadda suke so har shekara biyu, sannan matashin ya sami aiki ya bar gari, kwamfutar ta lalace, aka rasa wanda ya san yadda aka gina abin, suka koma rubutu a kaye suna neman rasit ɗin iyaye ɗaya bayan ɗaya. Karɓar kuɗin makaranta ba wani abu ba ne da makarantar nan ta bambanta da sauran makarantun duniya a kansa, don haka manhajar da kowa ke amfani da ita, wadda mutum goma a gari suka iya gyarawa, ta fi mata. Inda ya cancanci a biya kuɗin aiki na musamman shi ne inda kayan kanti ba su san halinmu ba. Injin matse man gyaɗa ko na surfen hatsi da maƙerin gida ya haɗa yakan fi na waje dacewa da ƙurarmu da irin ƙwayarmu, kuma ƙungiyoyin mata masu ƙuli-ƙuli sun san haka. Amma ko a nan, sharaɗin da ya kamata su kafa tun kafin su ba da kafin alƙalami shi ne boris da bel da moto su kasance masu lambar da ake samu a kasuwa, yadda ko maƙerin ya yi tafiya wani zai iya gyarawa. Haka ƙungiyar da za ta buga atamfa ta musamman, irin wadda ake fitarwa don 13 ga Mayu, ranar matan Nijar da ke tuna tattakin da suka yi a Yamai a 1991, ta sani cewa masaƙa ba ta buga turmi kaɗan, kuma abin da ya yi saura mai ɗauke da shekara a jikinsa ba ya sayuwa baɗi.

Lokaci ba ya jiranmu a wannan magana. Layin dogon da aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, mai tsawon kilomita 284 daga Kano ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maradi, ran da ya fara aiki zai sauko da kuɗin dakon kayan kanti fiye da yadda yake yanzu. Amma jirgin da ya kawo kaya ba ya komawa wayam. Muna da fatar jar akuyar Maradi da masu jima na Turai suka daɗe da sanin darajarta, muna da dukawa da za su iya yi wa mutum takalmi daidai ƙafarsa, kuma Kano da Katsina cike suke da masu kuɗin da za su biya idan sun tabbata aikin zai zo ranar da aka ce kuma na biyu zai yi daidai da na farko. Cibiyoyin koyar da sana'a da ƙungiyoyin masu aikin hannu suna koya wa yara ɗinki da fiƙe katako da walda, amma ina roƙon su ƙara darasin fitar da farashi da ƙirga abin da shago zai iya ɗauka a mako, domin yaran da na sani suna fita da gwaninta a hannu ba tare da sun taɓa lissafa kuɗin awa ɗaya ta aikinsu ba.

Kafin Babbar Salla kawu ya karɓi biyu daga cikin shawarwarina. Ya sa an yanka kwalin wando ma'auni huɗu an rataye, kuma ya rufe littafi ana saura mako uku, abin da ya jawo masa fushin wani amininsa na shekara talatin da ya zo da shadda a makare. Ranar jajibiri ɗinki shida ne suka rage ba a gama ba, aka ƙarasa su kafin asuba, kuma yaran sun samu sun je gida sun yi wanka kafin a tafi Idi. Maganar rubuta farashi a allo kuwa har yanzu bai yarda ba, ya ce ba zai iya kallon idon mutumin da ya ɗinka wa rigar aure ya ce masa kuɗin gaggawa daban ne ba. Na ce masa zan dawo da maganar a farkon Rajab, kafin yadin azumi ya fara shigowa.